Wa Ya Sa Mana Kin-Tabbata?

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da su. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da rana tsaka ta faru, a gaban jama'a, kuma shaidu suna nan da ransu a kasuwar Farin Gada da ke Jos.

Ba zan taɓa mantawa ba... (Kun ji ni ko? Wannan maganar ce ta kai ni ta baro ni, ga shi na sake buɗe baki da ita. Hali zanen dutse.) Bari dai in ce, cikin abin da Allah Ya bar mini a kai, akwai ranar da na sa leshina mai ruwan goro, na hau keke napep zuwa unguwar Kabong, wai zan je in ceci jikata.

Ni mai sarin kabeji ce. Tun ina goyo nake Farin Gada, har 'ya'yan da na goya suka yi nasu goyon. Ban yi boko ba, kaina shi ne littafina, kuma an san ni da shi. In an yi gardamar wa ya fara zama a wace rumfa, ko wace shekara ƙanƙara ta kashe latas, ni ake kira. In na faɗa, magana ta ƙare. Na daɗe ina tafiya da wannan suna, har na ɗauka da shi za a binne ni.

Jikar tawa sunanta Bilkisu, 'yar babban ɗana ce (shi ba zan kama sunansa ba, kun san dalili). Tun tana ƙarama take da tambaya ɗaya: “Kaka, me ya sa?” Me ya sa ake kife kabeji, me ya sa ake yayyafa wa karas ruwa. Da ta girma ta yi karatun kwamfuta, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani na masu haɗa manhaja, wato irin abin nan da ke cikin waya, ka danna ya yi maka aike. Su suka haɗa mana ta kasuwa. Ka danna hoton mota, motar kaya ta zo rumfarka. Ka danna hoton mutum da buhu, 'yan dako su zo. A da sai dai ihu har maƙogwaro ya dushe. Kuma Bilkisu ce aka ba jagorancin aikin, tana gaban maza, har da masu gemu.

Akwai wata al'ada da ta kafa musu a wurin aikin. Duk abin da za su sa a manhaja, sai an ajiye dalilinsa a gefe: me aka zaɓa, me aka gwada aka bari, wa ya kawo maganar. In mai maganar ba ya rubutu, sai a ɗauki muryarsa a ajiye. Lokacin da suke haɗa tamu, ranakun Lahadi takan zo gidana, ta zauna a tabarma ina tsintar wake, ta ajiye waya a tsakaninmu, ta yi ta “me ya sa” kamar da can. Ni kuwa in yi ta zuba. A wurina hira ce da jika. Na ce mata, “Bilki, mai hankali ba ya ajiye dalili a waya, a kai ake ajiyewa.” Ta yi murmushi, ta ci gaba da tambayoyinta.

Manhaja ta fito, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, muna jin daɗinta. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya. In ka danna, ba a tura kiran nan take. Sai wata mata ta fara magana daga cikin wayar, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya: “Kin kira motar kaya zuwa rumfarki. Kin tabbata? In kin tabbata, ɗora yatsa ki riƙe har in gama magana.” Sai ka tsaya da yatsa a kan waya kamar mai dangwala ƙuri'a. Da sanyin safiyar Jos, yayyafi na sauka, fatake na tsaye a kanka suna son kama hanya, ita tana nan tana jan magana. Na sa mata suna Kin-Tabbata, sunan ya bi layinmu kaf. Maƙwabciyar rumfata, Maman Nkechi mai koren wake, in ta ga na riƙe waya sai ta ce, “Hajiya, gaishe mini da ƙawarki.”

Ban taɓa kai wa Bilkisu ƙara ba. Ba a kushe wa yaro wurin cin abincinsa a gabansa. Kuma a raina na riga na yanke cewa wani ne daga cikin masu gemun nan ya cusa ta, don jikata ba za ta yi wannan wautar ba.

Wata Lahadi ta zo, na ga ba ta cin tuwon kirki. Na matsa mata. Ta ce an kawo musu sabon oga, Oga Emeka, haifaffen Anguwan Rukuba ne a nan Jos, amma ya daɗe yana aiki a Legas. Ya duba manhajar ya ce tana da nawa, an cika mata tarkace. Ya kira taron 'yan kasuwa a wani zaure a Kabong don ya ji ta bakinmu. Bayan taron zai yanke shawara, ko ita za ta ci gaba da riƙe aikin, ko a kawo wani daga Legas a ɗora a kanta.

Na ce mata, “Ci tuwonki. Allah na nan.”

A raina kuwa na ce, Allah na nan, ni ma ina nan. Ai na san inda nawar take. Zan je in nuna wa oga ɓarawon da ke cikin gida, a kori wanda ya kawo Kin-Tabbata, jikata ta fita fes. Ban gaya mata ba. Babba ba ya shawara da jika a kan yadda zai taimake ta.

Ranar taro zaure ya cika. Masu tumatir, masu dankali, direbobi, da 'yan dako tare da shugabansu Malam Danlami, mutum mai jiki, wanda ya cinye kujera ɗaya da rabi a sahun gaba. An raba lemon kwalba da cincin. Bilkisu na gefe da kwamfutarta, an haɗa ta da majigi da manyan lasifikoki. Oga Emeka ya fito, dogo, ba ruwansa da yawan gaisuwa, ya ce da Hausarsa ta cikin gari, “Ban zo a yabe ni ba. Wanda yana da matsala, ya tashi ya faɗa.”

Aka yi ta kame-kame. Wani ya ce caji, wani ya ce sabis. Sai na gyara mayafi na miƙe. Maman Nkechi ta ja mini haɓar zani, ta ce, “Hajiya, a hankali.” Na fizge.

Na karɓi abin magana, na yi sallama, na gaida manya da ƙanana kamar yadda ya kamata. Sannan na fara. Na kwaikwayi Kin-Tabbata da muryarta ta mai jinya, zaure ya ɗauki dariya. Dariyar ta shiga kaina. Na ce, “Oga, ni ban yi boko ba, amma na san aikin mai hankali in na gan shi. Wanda ya kawo shawarar sa matar nan a waya bai taɓa sayar da ko ganyen kabeji ɗaya ba. Bai san sanyin asuba ba, bai san fatake ba. Ina roƙo a nemo shi, a ba shi kwando ya zauna rumfata yini ɗaya, mu ga ko zai tabbata.”

Tafi ya tashi. Na waiga in ga fuskar jikata tana haske. Sai na ga ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta.

Oga Emeka ya ce, “Mama, kin yi magana. Abin da nake faɗa ke nan tun da na zo.” Ya juya wajen ma'aikatansa. “Wa ya sa wannan abu?”

Bilkisu ta ɗaga hannu. “Ni ce, oga.”

Jama'a, kun ji aikina. Na zo ceto, na kai wuƙa wuyan abin da na zo ceta. Amma maimakon in zauna in yi shiru, sai girman kai ya ce mini ai rufa wa wani asiri take yi, halinta ne.

Oga ya ce, “Bilkisu, kullum kina gaya mini komai yana da dalili a ajiye. To ga mutane, ga majigi. Kawo dalilin wannan.”

Ta ce, “Oga, a bari sai mun koma ofis.”

“Me ya sa? Ko babu ne?”

“Akwai. Murya ce. Gara dai a ofis.”

Ya harɗe hannu. Kowa ya ga abin da ke fuskarsa: in ba ta kawo ba yanzu, magana ta ƙare, mutumin Legas ya taho. Ni kuma da na ji an ce murya ce, sai na ce alhamdulillahi, ashe akwai mai laifi. Abin magana na hannuna har lokacin. Na ce, “A kunna mana. Mu ji muryar wannan gwanin.”

Bilkisu ta dube ni. Ta ce a hankali, “Kaka, ki bari.”

Na ce, “Bilki, ni na goya ubanki. Na ce a kunna.”

Ta ja numfashi, ta danna.

Da farko ƙarar wake aka ji yana zuba a faranti, da kukan zakara. Na ce a raina, wannan zakaran kamar na san shi. Sai muryar Bilkisu: “Kaka, zan ɗauki maganar nan in ajiye a wurin aiki. Kin yarda?”

Sai wata tsohuwa ta amsa, da ƙarfi, ta cika zaure daga bango zuwa bango: “Ɗauki mana. Ki kunna wa duk garin Jos in kin so, ni ba na magana a ɓoye.”

Maman Nkechi ta ce, “Chineke,” wato “ya Allah” da yarensu, ƙasa-ƙasa, ta rufe baki da mayafi.

Tsohuwar ta ci gaba. Ni kuwa ina tsaye, da abin magana a hannu, ina sauraren kaina.

“Wannan abin gwajin da kuka ba mu, saura kaɗan ya haɗa ni faɗa. Mu a haɓar zani muke ɗaure waya. In na sunkuya ɗaukar kabeji sai cikina ya danna. Shekaranjiya ina zaune sai ga Danlami da mutanensa a rumfata, ban kira kowa ba. Ya zo yana huci da tumbinsa kamar buhun dankali, wai na raina masa hankali. Mutumin da rabin yininsa barci ne a kan buhunan mutane, minsharinsa har bakin titi ake ji.”

Zaure ya fashe. Wani direba har ya zame daga kujera. Ban iya kallon sahun gaba ba.

“Kuma ni ba karatu na iya ba. In na danna, ta ina zan san abin da na danna? Ku sa ta yi magana. Ta gaya mini abin da na kira, ta tambaye ni, kin tabbata? Kuma kada ta yarda da taɓawa ɗaya, sai an ɗora yatsa an riƙe.”

Muryar Bilkisu ta ce, “Zai ja lokaci fa, Kaka. Za ku gaji da ita.”

“Wanda ya gaji da wannan rago ne, ba ɗan kasuwa ba. Ki sa kawai. Ni ba na mantuwa, kuma ba na magana biyu. Abin da na faɗa yau, shi za ki ji a bakina har ranar da za a ɗauke ni.”

Zakara ya sake cara, murya ta ɗauke.

Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Jos kuwa dutse ce. Na lallaɓa na zauna, leshin nan ya yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Sai Malam Danlami ya miƙe, ya juyo, ya dafa cikinsa da hannu biyu. Ya ce, “Hajiya, buhun dankali ko? To aƙalla ki ce na Bokkos, ya fi daraja.” Dariya ta sake tashi, har da oga, wanda ya juya baya yana share ido.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Bilkisu ta jira aka lafa, ta haska wani rubutu a bango, ta karanta mana da Hausa. A ƙarƙashin muryata ashe sun rubuta duk abin da suka gwada. Sun gwada tambaya a rubuce, suka bari don ba kowa ke karatu ba. Sun gwada a danna sau biyu, suka bari don haɓar zani ma tana iya danna sau biyu. A ƙarshe sun rubuta cewa in mutane sun saba har suka fara ƙorafin tsawon maganar, a dawo a sake dubawa.

Ta ce, “Oga, Kaka ta yi gaskiya a waccan ranar, ta kuma yi gaskiya yau. Maganar ta yi tsawo. Amma ba don ado aka sa ta ba.” Ta juyo wajenmu. “Iyayena, wa ke ɗaure waya a haɓar zani har yanzu?”

Sai Maman Nkechi ta kwance tata ta ɗaga. Sai ta kusa da ita. Kafin ka ce me, sahun mata kaf wayoyi ne a sama, wasu da ɗanyen ganye manne a jiki. Ni ma (me ya rage mini?) na kwance tawa na ɗaga.

Bilkisu ta ce, “Baba Danlami, tun da aka sa matar nan, an sake kiranku a banza?”

Ya ce, “Ko sau ɗaya, 'yata. In kuka cire ta, ku nemo wasu 'yan dakon. Buhun dankali ba ya gudu.”

Ta ce to ga abin da take gani: a bar riƙe yatsa, don shi ne maganin haɓar zani. A gajarta maganar, ta faɗi abin da aka kira kawai ta yi tambaya. Wanda ya iya karatu kuma a ba shi damar kashe muryar a tasa wayar.

Oga Emeka ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, “Da ni kaɗai ne, tun satin da na zo na cire shi.” Ya nuna kwamfutar Bilkisu. “Komai yana da irin wannan?”

“Komai, oga. Har launin hoton mota.”

“Litinin ki zo da su duka. Kafin in taɓa wani abu, zan ji dalilinsa.”

A nan na ga ya kamata babba ya rufe abin da ya buɗe. Na sake miƙewa, ban karɓi abin magana ba. Na ce, “Jama'a, waccan matar da kuka ji a lasifika tana da hankali, ku riƙe maganarta. Wannan ta yau ce ta tsufa. Malam Danlami, ka yafe mini.” Ya ce, “Na yafe, Hajiya, amma kabeji biyu.” Aka tafa mini, tafin da ya fi na farko daɗi, ko da yake kunnuwana na zafi.

A keke muna komawa, ni da Bilkisu, har muka wuce gada. Sannan na ce, “Me ya hana ki kunna tun da ya tambaya? Kin ga aikinki na shirin tafiya.”

Ta ce, “Na san abin da ke ciki, Kaka. Gara a kawo na Legas da in kunna ki kina zagin Baba Danlami a gaban kasuwa.”

Na juya ina kallon titi, don kada ta ga idona. Yarinyar da na yi wa wanka a baho, ta zaɓi ta faɗi don in tsaya. Can kuma sai ta taɓa ni da kafaɗa, ta ce, “Amma tsohuwa, ke fa ba kya mantuwa.” Na ce ta yi mini shiru ko in sauke ta a hanya.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Bilkisu na nan a kan kujerarta, ba a kawo kowa daga Legas ba, har an ƙara mata mutane. Na ji sabon ma'aikaci in ya zo, kafin ya taɓa komai sai an zaunar da shi ya saurari dalilai, kuma da muryata ake fara masa (na roƙa an yanke wajen tumbin, ta ce ta yanke, Allah Ya sani). Oga Emeka kan biyo Farin Gada ranar Asabar ya sayi kabeji, ya ce, “Mama mai dalili, yaya kasuwa?” Malam Danlami sunan Na-Bokkos ya bi shi, har yaransa da shi suke kiransa, kuma ya ce shi ya fi son sa da na yanka. Maman Nkechi ta ba duk Anguwan Rukuba labari, da ƙari. Kin-Tabbata kuwa ta rage surutu, mun shirya, don ba a gaba da abin da aka haifa.

Ni kuma an rage kirana raba gardama, ban kuma yi fushi ba. Na gane kai kwando ne: yana riƙe abin da aka yi, dalilin ya tsiyaye ta ƙasa, mai shi bai sani ba. Da ba a ajiye nawa ba, da da bakina na rushe abin da na gina, na haɗa da jikata. Yanzu in ina cikin taro, magana ta taso mini har wuya, na fara gyara mayafi zan miƙe, sai in ji wata mata a cikin kaina, a hankali, tana cewa: kin tabbata? Sai in ɗora yatsa a baki, in riƙe har ta gama.